A Bar Auta Ta Gama

Mai Agogo mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya buɗe bayansa. Shekara ashirin da biyu yana zaune a shagonsa mai faɗin tabarma ɗaya, gilashi maƙale a ido, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Idan ka ce masa abu na da kyau, amsarsa ɗaya ce: "A kawo in gani."

Ƴarsa Auta shekararta biyar, kuma tana da i'ina. A da takan yi surutunta duk da haka, ko kalma za ta maƙale mata sau uku. Amma tun da ta shiga makaranta bakinta ya mutu. Malamar ajinsu ta aiko da takarda cewa wata biyu ke nan yarinyar ba ta ɗaga hannu ba, ko an kira ta sai dai ta sunkuyar da kai. A gida ma ta koma nuni da yatsa. Abin ya tsorata uwarta, shi ma ya tsorata shi, illa dai bai faɗa ba.

"Baban Auta, lesin za mu sa ta," in ji matarsa. "Yayata ta ce akwai wani a bayan asibiti, har da kwamfuta. Ƴaƴanta duk can suke zuwa."

"Ƴaƴan yayarki ai ko rediyo sai ya yi shiru ya saurare su. Ni inda za a saurari tawa nake nema. Ki bar ni da su, na san abin da zan duba."

Ya kuwa sani. Ya riga ya auna: idan aka yi wa Auta tambaya, takan ɗauki kusan sakan goma kafin kalmar farko ta fito. Saboda haka ranar Asabar ya rufe shago, ya bi wuraren lesin ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon a bar shi ya zauna a bayan aji. Bai kalli fentin bango ba, bai kalli takardun yabo ba. Idonsa na kan agogon hannunsa, yana ƙirga tsawon jiran da malama ke yi wa yaro bayan ta tambaye shi.

A na bayan asibitin, malamar kamar ana korar ta. "Wa zai gaya mini? Kai! A'a, ke!" Sakan biyu, ta wuce. Mai wurin ya raka shi ƙofa yana nuna masa kofunan gasa.

"Yaranmu akwai sauri, Malam."

"Na gani da idona," in ji Mai Agogo, ya sa takalminsa.

A na biyu kuwa baki ɗaya ake amsawa, da ihu. Yaro zai iya shekara a nan yana motsa leɓe kawai, ba wanda zai gane.

Na uku yana saman wani kantin magani, matakalarsa duk ta zaizaye. Yara bakwai ne a kan ƙananan kujeru, da wata malama mai furfura. Ta zube murafen kwalba a gaban wata yarinya, ta ce nawa ne. Yarinyar ta yi shiru. Malama ta ɗauki fensir tana fiƙewa abinta, sauran yaran kuma ba wanda ya yi dariya, da alama sun saba. Sakan goma sha huɗu cif, sannan yarinyar ta ce, "Shida." Mai Agogo ya ji wani sanyi a ransa.

Ya koma gida yana taƙama. "Na ce miki ki bar ni da su. Ba a yi mini cinikin biri a sama."

Ranar Litinin da la'asar ya hau matakalar riƙe da hannun Auta. Malama ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na yarinyar.

"Ƴata, me kika fi so ki riƙa yi a nan?"

Auta ta damƙe gefen rigarta. "I-i-ina s-s..."

"Zane take so," in ji uban. "Tana son zane ƙwarai, Malama."

Malama ba ta ko juyo ba, ta ɗaga masa tafin hannu. "Baban Auta, na lura da kai shekaranjiya kana duba agogo. Sakan nawa na jira?"

"Sha huɗu."

"Kai fa yanzu?"

Ko biyu bai kai ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya zaga gari yana hango na wasu. Kunya ta kama shi har wuya, ya ja da baya ya jingina da bango.

Auta ta kalli ubanta, ta ga da gaske ba zai ce komai ba. Ta ja numfashi.

"Ina s-so... in yi k-karatu. Da ƙarfi. K-kowa ya ji."

"To, gobe ke za ki fara mana," in ji Malama.

Ya rubuta sunan yarinyar a rajista da hannunsa, ba ya shakkar komai game da wurin. Suna saukowa Auta ta tsaya a tsakiyar matakala, ta ja masa yatsa.

"B-b-baba..."

Kalmomi uku suka zo masa bakin harshe, duk ya haɗiye su. Ya tsuguna.

"Ni b-ba na son z-zane. K-kai ne kullum kake c-cewa ina so."

Maganar ta soke shi, amma daɗin jin muryarta ya fi zafin yawa. Motar hayar da ke zuwa unguwarsu ta tsaya a ƙasa, direba ya yi ham sau biyu. Mai Agogo ya yi masa hannu ya tafi, ya zauna sosai a kan matakalar.

"Ina jin ki, Auta. Me kuma ba kya so?"