Barcin Maharazu a Jajibirin Tsere

Ana gobe tseren makarantu na shekarar 1956, Malam Hamid mai koyar da wasanni ya ja Maharazu gefe. Duk makarantar babu mai gudunsa, sai dai ɗakin kwanansu ya fi kasuwar Kurmi surutu.

"Tafi gida ka kwana," in ji malamin. "Barcin awa tara nake so. Wanda bai ƙoshi da barci ba, ƙafarsa ba ta tashi."

Maharazu ya isa Dukawuya, ya ba kakarsa 'Yardada saƙon malam. Tsohuwa ta gyara ɗaurin zani.

"Kwanta abinka, maigidana. Yau ko sauro sai ya nemi izinina."

Ana idar da sallar isha'i ya miƙe a tabarma. Barci ya fara fizgarsa ke nan, sai ya ji ta a bakin katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarsu kira.

"Indo! Ajiye taɓaryar nan, jikana na barci!"

Indo ta ce ita da turminta ne. Aka yi ta cacar baki har yara suka taru. Can kuma jakin Lawal mai itace ya ɓarke da kuka. 'Yardada ta fita da muciya, ta yi wa jakin faɗa, ta yi wa mai jakin, karnukan unguwa suka amsa mata.

Da gari ya yi tsit, ta shigo ta haska masa fitila a fuska.

"Ka yi barcin?"

"Da na yi, Kaka."

Sau huɗu tana haka. A na biyar ta zo da kwanon fura, wai kada yunwa ta tashe shi.

Da safe ya shiga fili idanunsa jawur kamar gauta. Aka busa usur yana tsakiyar hamma, kafin ya rufe baki sauran sun yi nisa. Haushi ya kwashe shi, ya runtse ido ya zuba a guje, ya wuce mutum huɗu. Na biyu ya zo, aka ba shi sandar sabulu.

'Yardada ta juya sabulun, ta shinshina, ta taɓe baki.

"Wa ya zo na ɗaya?"

"Ɗantani, wani ɗan Jakara."

"Kakarsa ta fi ni tsaro ke nan? To, baɗi tun la'asar zan fara."