Gumin Ludvik

Ranar da motar share ƙanƙara ta buɗe hanyar Sedlo, mashigar da ke tsakanin duwatsu, mazan ƙauyen Jelovka sukan hau kekuna su nufi saman dutsen. Ba wanda ke kiran abin tsere. Babu alƙali, babu kofi. Wanda ya fara isa gidan abincin Zofka da ke kan mashigar yakan tuɓe rigarsa, Zofka ta matse gumin a bakin ƙofa kowa na kallo, sannan ta rataye ta a saman murhu. Nan za ta zauna har ƙanƙara ta sake toshe hanya, baƙi suna shan miyar wake a ƙarƙashinta. Samarin ƙauyen sun daɗe da tafiya Ostiriya neman aiki, sai abin ya koma hannun masu furfura, su kuwa ba sa wasa da shi.

Rigar Ludvik ta fi ta kowa shan hayaƙin murhun nan. A gidan yankan katako ya yi aiki har ya yi ritaya, bai tara komai ba sai wannan suna: mutumin da ke hawa Sedlo da ƙafafunsa. Keke mai batir kuwa, keken asibiti yake ce masa, kuma ya fi son faɗin haka a gaban surukinsa Cveto, wanda da hayar irin kekunan yake ciyar da 'yar Ludvik ɗin.

A hunturun bana likita ya saurari ƙirjinsa, ya daɗe yana saurare, ya ce ko bene zai hau ya riƙa hutawa a tsakiya. Ludvik ya yi godiya. Da ƙanƙara ta fara narkewa ya shiga shagon Cveto da tsakar rana, lokacin da kowa ke gida yana cin abinci.

"Baba, me ya lalace?" in ji Cveto.

"Wani abokina ne ke tambaya. A cikin kekunan nan naku na marasa lafiya, akwai wanda ba a gane shi?"

Cveto ya goge hannu da tsumma a hankali. "Abokin naka tsawonku ɗaya?"

"Kusan."

"Shi ma yana da baki?"

"Kawo keken, ka cika surutu."

Cveto ya turo wani siririn keke baƙi daga bayan shago. Injin da batirin duk suna cikin bututun jikinsa, maɓallin kuma a ƙarƙashin tef ɗin mariƙi. Ido ba ya gane shi, in ji Cveto, sai ɗan gunji in an matso kusa, da kuma nauyi in an ɗaga.

Safiyar buɗe hanya aka taru a gaban coci. Stane, tsohon direban bas, wanda ya shekara da shekaru yana kallon bayan Ludvik a kan wannan hawa, ya zagaya keken yana leƙe.

"Sabo ka yi? Tsohon ya gaji da kai?"

"Kai ya gaji da jira a sama."

"To bana ka ajiye mini kujera kusa da wuta, tsoho."

Suka tashi. Ludvik ya bi ayari da ƙafarsa har suka shiga daji, inda hanya ke fara miƙewa tsaye. Nan ƙirjinsa ya fara matse shi. Ya danna maɓallin. Sai ya ji kamar wani ya sa tafin hannu a bayansa yana turawa. Kunya ta kama shi, ta riƙe shi har lanƙwasar hanya ta gaba, daga nan ta sake shi. Duk wanda zai wuce, sai ya buɗe baki ya yi ta haki da ƙarfi don ya rufe gunjin injin. Ya wuce Stane yana nishi kamar mai naƙuda.

Da ya fita daga dajin ya kasance shi kaɗai, bangon ƙanƙara dama da hagu. Ya ɗaga kai, abin da bai taɓa yi ba a wannan hanya, don kwalta da tayar gaba kawai ya sani. Ashe ana hango kogin daga nan, da rufin gidansa ma. Wurin ba laifi, ya ce a ransa. Shi ya sa baƙi ke zuwa.

Ana hango hayaƙin gidan Zofka lokacin da ya sa hannu ya sosa ƙirji. Ya sake taɓawa. Ya laluba hammata, ya laluba baya. Rigar a bushe take ƙarau, har da ƙamshin sabulun matarsa. Cveto ya yi tunanin gunji, ya yi tunanin nauyi, bai yi tunanin wannan ba, don shi ba a taɓa matse rigarsa ba.

A ƙasan kwanar ƙarshe akwai kwamin da shanu ke sha da rani, cike da ruwan ƙanƙarar da ta narke. Ludvik ya jingine keken, ya tuɓe, ya tsoma rigar. Sanyin ya shige masa har haƙori. Ya fito da ita tana zuba kamar an tsamo ta daga kogi. Ba haka gumi yake ba. Ya matse, ta yi kamar wankakkiya. Ya tsaya yana ƙoƙarin tuna yadda gumin nasa yake kwanciya: baya ne ke fara jiƙewa ko ƙirji? Gefen ƙasa yakan jiƙe kuwa? Rayuwarsa duka yana zubar da abin, bai taɓa dubawa ba. Yatsunsa suka ƙage. Yana tsaye ba riga, yana ɗiga ruwa a hammatar rigar da tafin hannu, sai ya ji ƙarar sarƙa.

Stane ne, fuska ja wur, majina har leɓe. Bai tsaya ba, numfashinsa bai kai ba.

"Wanki kake?"

"Ƙudan zuma ne ya shige mini riga."

"A ƙanƙara," in ji Stane. "Jarumin ƙuda." Ya wuce.

Ludvik ya zura rigar, iska ta manna masa ita a jiki. Danna maɓalli ɗaya zai kamo Stane, amma hanyar a nan ƙunci gare ta, kafaɗa da kafaɗa za su yi, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan injin bas ba haki ne zai ruɗe shi sau biyu ba. Ya bar maɓallin. Ya taka feda da ƙafarsa, yana jan batir da inji da kansa. Ƙirjin ya dawo da matsa. Kafin ya kai ƙofar Zofka gumi na gaske ya keto masa, mai yawa, daidai lokacin da ba shi da amfani.

Zofka ta riga ta matse rigar Stane. Ta juyo ta ga Ludvik, leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙora na kaɗawa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ta ja shi ciki, ta tuɓe shi kamar yaro, ta lulluɓa masa bargo, ta ɗura masa shayi da zuma. Sauran mahaya suka iso ɗaya bayan ɗaya suka kewaye shi. Aka ɗaga rigarsa aka nuna wa juna. Ba wanda ya taɓa ganin gumi irin wannan.

"Da wannan zuciyar tasa," in ji wani. Ashe kowa ya san maganar likita.

"Irinsu sun ƙare," in ji wani. "Mutum ya zo na biyu amma ya fi na ɗaya jiƙewa."

Stane yana zaune a ƙarƙashin rigarsa yana shan miya, ba wanda ya kula shi.

Zofka ta ce ba mai sauka dutse a keke a wannan hali, ƙaninta zai kai shi gida a motar kaya. Ludvik ya ce lafiyarsa ƙalau. Ba a saurare shi ba. Aka tallabe shi zuwa kujerar gaba, da bargon da komai. Ta madubi ya hango mutum biyu sun nufi keken za su ɗora shi a baya. Ya nemi mariƙin ƙofa, yatsun suka ƙi kamawa.

"Ku bar shi," in ji Stane daga bakin ƙofa, yana goge baki. "Hannunku duk maiƙo. Keken mutum ba a taɓa masa."

Ya kama shi da hannu ɗaya kamar yadda ake ɗaga keken tsere. Keken bai tashi ba. Stane ya ɗan tsaya. Sannan ya sa hannu biyu, ya ɗaga shi sama da sauri, yana murmushi kamar ba komai, jijiyar wuyansa ta fito. Ya kwantar da shi, ya rufa masa buhu, ya ɗaure da igiya da kansa. Ya zagayo wajen taga yana dafe da ƙugu.

Ludvik ya sauke gilashi.

"Ka karya mini baya," in ji Stane ƙasa-ƙasa. "Shekara nawa ina jiran ranar nan, ka zo ka kwashe mini 'yan kallo da ruwan shanu."

"Za ka faɗa?"

"In faɗa, a ce mutumin da na kayar ma a inji yake, kuma sai da ya tsaya wanki? Ni na kayar da Ludvik. Haka za a bar shi." Ya buga rufin motar don direba ya tashi, sannan ya sake sunkuyowa. "Baɗi ka jiƙo ta tun daga gida, a leda. Ka zuba gishiri."