Faifan Attahiru na Ƙarshe

Rairayi ya yi zafi a kasko, irin zafin da ake zuba gyaɗa, amma ba gyaɗa Inna Ma'u za ta soya ba. Faifan garmaho ne a hannunta, baƙi wuluk, tana ta shafa shi da bakin gyale.

Mijinta, marigayi Attahiru, ya bar mata su cike da akwati. Da ƙafafu suka daina kai ta tashar Mai Wurno, a nan ƙasar Sudan, sayar da gyaɗa, 'ya'ya huɗu kuma kowa ya yi kunnen uwar shegu da ita, sai yunwa ta koya mata sana'a. Takan kwantar da faifai a kan rairayi mai zafi, in ya yi laushi ta kifa shi a gindin ƙwarya ta danna da tsumma, sai ga kwano mai lanƙwasasshen baki. Maƙwabciyarta Ibtisam ke kai mata kasuwa. Haka ciki ya cinye akwatin, ya haɗa da tasoshin aurenta.

Wannan faifai ɗaya da ya rage ta hana kowa. Waƙa ce da wani mahajjaci ya zo da ita daga Sakkwato. In ta ɗora shi a tsohon garmaho mai batir, gidan sai ya zama kamar da mutane. Ban da shi, ba wata murya da ta saura mata.

"Inna, har wanga?" Ibtisam ta leƙo ta katanga. "Ke da kika ce sai dai a rufe ki da shi?"

"Autana Abdussalami za shi zo ran Juma'a, ɗiyata. Shekara uku ban sa shi a ido ba. A tafin hannu zan ba shi dabino?"

"Ai sai in ara miki kwano."

"Ya zo gidan ubanshi ya ci a kwanon aro? Abadan!"

Ta kwantar da faifan. Wari ya tashi, gefensa ya saki. Zuciyarta ta yi zafi ƙwarai, amma ta kifa shi a gindin ƙwarya ta danna.

* * *

Ranar Juma'a ta share tsakar gida, ta cika kwanon da dabino, ta zauna a ƙofa. Duk motar da ta taso daga birnin Sinnar sai ta miƙa wuya.

Bayan la'asar Ibtisam ta shigo da waya, tana sunkuyar da kai. Saƙon murya ne daga Abdussalami.

"Ma'alesh ya Yumma, ki yi haƙuri, aiki ya riƙe ni. Sai bayan Idi, in sha Allah."

Iyakarsa ke nan. Inna Ma'u ta matso da kunne.

"Sake sa mini shi."

Sau uku Ibtisam ta sake, sannan jaririnta ya tsala kuka daga can, ta ba da haƙuri ta fita da wayarta.

Tsohuwa ta ɗora kwanon a cinya, tana korar ƙuda daga dabinon.