Ƙofar Ɗakin Inna

Tun ranar da rufin ɗakin Inna ya rufta, Tela bai ƙara ɗinka riga da hankalinsa a jikinsa ba. Tsohuwar tana gidan ƙanwarsa, an shimfiɗa mata katifa tsakanin firji da buhun gawayi, kuma duk zuwan da zai yi maganarta ɗaya ce: "Yaushe za ka mai da ni ɗakina? Daga can nake so a ɗauke ni." Shi kuwa kuɗin sabon kwano ko a mafarki bai riƙe su ba.

Wani kafinta ne ya yi masa kwatancen filin da ke bayan tashar manyan motoci, inda ake sayar da kayan gidajen da aka rushe. Wurin ya ɗaga masa hankali. Ƙofofi ga su nan a jingine kamar masu jiran likita, ga tagogi babu gilashi, wata ma da guntun labule a maƙale. Kowane kaya da lamba a jikinsa, an rubuta da farin alli.

"Lambar ta mece ce?" Tela ya tambayi mai filin, wani ƙato da ake kira Guduma.

"Ta layin da kayan suka fito. Kafin a rushe unguwa ni ake sayar wa kayan cikinta, layi-layi."

Tela ya zaɓi kwano mai hujin ƙusa, da katako, da wata baƙar ƙofa mai nauyi. Ya yi ciniki har bakinsa ya bushe, ya kawo zancen tsohuwa da katifarta, Guduma ko gezau. Sai da Guduma ya ce, "Ina za a kai maka?" Tela ya ce layin bayan tankin ruwa, gida na uku. Guduma ya dube shi, sannan ya yanke rabin kuɗin. Tela ya fito yana murmushi, bawan Allah, shi a dole ya iya ciniki.

Sati uku suka yi shi da kafinta. Suka toshe hujin kwano da kwalta ɗaya bayan ɗaya, Tela ya wanke allin jikin ƙofar da soso, ya shafa mata mai.

Ranar da za a kawo Inna sai ga Guduma, ba wanda ya kira shi. Ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa tagogi, alli a hannunsa. Tela ya tare shi.

"Lafiya, Malam?"

"Layinku ne na sha tara. Bayan damina za a shigo a rushe shi."

"Kuma ka sani ka sayar min? Ka bar ni na yi ta wahala?"

"Ban so in ci ka sau biyu ba, shi ya sa na rage. Ka ce tsohuwa ɗakinta take so. Wata huɗu ma ai kwana ne."

Ya miƙa hannu can saman ƙofar, inda idon gajere ba ya kaiwa, ya rubuta lambarsa ya tafi.

Da la'asar aka sauke Inna. Ta ƙi yarda a riƙe ta, ta tako da sandarta har bakin ɗakin. Ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta shafa ƙofar da tafin hannu, hawaye na zuba.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Wannan ƙofa sai ta ga jikokinka. Ni kam na zo ke nan, ba mai sake fitar da ni sai a makara."

"Amin, Inna," in ji Tela.

Sai da kalmar ta fita ya gane abin da ya amsa wa, kuma har cikin ransa ya amsa.