Gwangwanin Man Baba

Wajen ƙarfe goma na safe ne. Ruwan da aka wayi gari da shi ya ɗauke, sai indararo da ke ɗiga ɗaya-ɗaya. Auta yana durƙushe a ƙofar shagon gyaran keke na mahaifinsa, sai ga Mai Ƙwai ya karyo kwana a ƙasa, yana jan kekensa da hannu ɗaya. Ɗaya hannun a naɗe yake da tsumma. Gwaiduwa ta bushe a wandonsa har gwiwa.

"Subhanallahi. Mota ce?"

"Gangaren gada ne," in ji Mai Ƙwai. "Na matse birki har yatsuna suka yi ciwo, kamar soso nake matsawa. Katanga ce ta tare ni. Ƙwai kam, sai dai kaji su sake sabon lale."

Auta ya ɗaga tayar gaba ya juya ta. Keken irin na yanzu ne mai birkin faifai, wato wani faifan ƙarfe a tsakiyar taya, da 'yan takalma biyu da ke cije shi in an matsa. Ya goga farin tsumma a faifan. Tsumman ya fito baƙi, yana maiƙo.

"Wa ya sa maka mai a nan?"

"Baba mana. Da sassafe na tsaya ƙarin iska, ba ka fito ba. Ya ji birkin yana kuka, ya ɗiga masa. Har godiya na yi."

Auta ya waiwaya. Baba yana zaune a bencinsa na kullum, gwangwanin mai mai dogon baki a cinyarsa, yana kallon titi. Shekara arba'in ya yi a shagon nan. A da, da kunne kawai yake gane tayar da ta karkace. Shekara biyu ke nan abubuwa suna zube masa. Sunayen mutane ne suka fara tafiya, sannan ranaku. Abin da ya rage masa sosai shi ne hanyar gida zuwa shago, sai gwangwanin nan.

"Irin wannan birkin ba ya son mai ko ɗigo," Auta ya ce a hankali. "Ko da yatsa ba a so a taɓa faifan. Kukan da yake yi bayan ruwa ba ciwo ba ne. In ya bushe zai yi shiru."

Ya kwance takalman. Sun sha mai har ciki, ba sauran amfani. Ya wanke faifan sau uku da sifirit, ruwan nan mai cire maiƙo ya bushe nan take, ya ɗaura sababbi, sannan ya hau keken ya yi ta kai da kawowa a layin, yana gudu yana matsawa, har takalman suka saba da faifan suka fara kamawa.

Mai Ƙwai ya karɓi kekensa, ya rage murya. "Don Allah kada ka yi masa faɗa. Shi ya ɗaura mini kekena na farko."

Labari ya riga su zuwa gida. Kafin rana ta raba, Yaya, wan Auta, ya zo daga wurin aikinsa, ya gaida Baba a tsaye, ya ja Auta bayan shago, inda ake tara tsofaffin tayoyi.

"Daga gobe Baba ya zauna a gida."

"Yaya, ka manta lokacin da ya yi zazzaɓi? Kwana uku muka hana shi fita. A bakin ƙofa ya wuni da takalmi a hannu. Ko abinci bai ci ba."

"Yau hannu ne. Gobe fa? Ka san manyan motocin da ke bi ƙasan gadar nan."

Auta ya san gaskiya Yaya ya faɗa.

"To a ɓoye gwangwanin," in ji Yaya.

"Sau biyu ina ɓoyewa. Kuka ya yi, Yaya. Ya ce ɓarayi sun shiga masa shago."

Yaya ya kau da kai. Ya daɗe yana kallon tayoyin, yana murza ido kamar wani abu ya faɗa masa.

"Mako ɗaya na ba ka," ya ce. "In aka sake, da hannuna zan sa wa ƙofar gida kwaɗo. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Bayan ya tafi, barci ya ɗauki Baba a zaune, kansa jingine da bango. Auta ya zare gwangwanin daga cinyarsa sannu-sannu. Wurin riƙon ya goge har yana ƙyalli, daidai inda babban yatsan Baba yake zama. Ya juye man a wata ƙaramar kwalba ya sa a aljihu. Ya ɗauraye gwangwanin har sai da ya daina maiƙo, ya cika shi da sifirit, ya mayar inda yake.

Da yamma wani malamin makaranta ya tsaya da kekensa, shi ma mai birkin faifai, birkinsa na baya yana ƙara tun daga nesa. Kafin Auta ya ajiye sufana, Baba ya miƙe.

"Ƙishirwa yake ji," in ji Baba. "Kawo shi nan."

Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗiga a faifan. Auta ya miƙa masa tsumma mai tsabta, ya goge da kyau kamar yadda ya saba. Daga nan ya bi sarƙa ita ma ya ɗiɗɗiga mata. Malamin ya tura keken ya matsa. Birkin ya kama tsaf, ba ƙara.

"Hannun manya daban ne," in ji malamin.

Baba ya yi murmushi. Ya ɗiga ɗan kaɗan a yatsa ya murza, ya shinshina.

"Man yanzu ba shi da jiki. Kamar ruwa." Ya juyo ya dubi Auta, ya ɗan jima yana dubansa. "Samari, in Autana ya dawo, ka ce masa na gyara wannan. Yaron bai gama iya birki ba tukuna. Amma zai iya."

"Zan faɗa masa, Baba."

Baba ya koma bencinsa, ya ɗora gwangwanin a cinya.

Malamin yana shirin hawa, Auta ya ce ya ɗan dakata ya duba wani abu. Ya durƙusa, ya ba benci baya. Sifirit ya wanke man sarƙar, ta bushe ƙayau. Ya ciro kwalbar daga aljihu, ya kare faifan da tsumma, ya bi sarƙar yana ɗigawa gaɓa-gaɓa.

Malamin ya hau, ya ɗaga wa Baba hannu, ya tafi.