Tsiren Jatan Lande Ranar Hana Wuta

Wa ya fi haƙƙi a kan mutum, surukin da ya ba shi 'ya ko maƙwabtan da ba su san abin da ake yi a bayan shinge ba? Har yau na kasa amsawa.

Ranar Kirsimeti ce, wadda a ƙasarmu take faɗowa tsakiyar bazara, zafi ya kai intaha. Wata huɗu ba ruwan sama. Iska na kaɗowa daga yamma, tun da safe hukuma ta hana kunna wuta a fili. Murhun gas kawai aka yarje. Ni kuwa shekarata tara cikin 'yan kwana-kwana na sa-kai a garinmu.

Da muka isa gidan surukina Merv, ni da matata Bronwyn, sai muka tarar ya hura gawayi a rabin durom, taku goma daga busasshiyar ciyawar gonar maƙwabcinsa. Ya jera jatan lande a tsinke, sun sha barkono da tafarnuwa da lemun tsami. Haka matarsa Noeleen take haɗawa. Bara ta rasu.

"Baba, yau an hana," na ce. "Ga murhun gas can a rumfa."

"Gas? Shayi zan dafa?" Bai ko ɗago ba. "Shekara arba'in ina kamo su a teku ina gasa su a garwashi. Kai har yanzu ba ka iya ɓare su ba."

Bronwyn ta ja ni gefe. "Ba zai ji maganata ba, Lachlan. Kira mutanenku su zo su kashe."

"In kai ƙarar mahaifinki? Ranar Kirsimeti? Ba zan yi ba."

"To tsaya kana kallo, sarkin kunya."

Na koma na tsaya kusa da shi. A nan ba a taɓa murhun wani, ko da ɗan'uwanka ne, sai dai ka riƙe abin shanka ka yi ta ba da shawarar da ba mai ɗauka. Ya ɗora tsinke shida. Mai ya ɗiga, wuta ta yi tsalle. Jatan landen suka fara ja, ƙamshi ya cika gidan, wallahi har yawuna ya tsinke.

Sai iska ta buso. Tartsatsi ya tashi, ya sauka gindin shinge. Ciyawa ta kama, faɗin tafin hannu. Na ruga na tattake ta da takalmi har sai da hayaƙin ya mutu. Bayan gonar nan gidaje ne, goma sha ɗaya. Na san mutanen ciki da sunayensu.

"Ka gani?" in ji Merv, yana dariya. "Ga ɗan kwana-kwana a gida, me zan ji tsoro?"

"Baba, don Allah ka kashe."

"Noeleen ba ta taɓa cin na gas ba." Ya sunkuya, ya ɗauko buhu, ya ƙara gawayi.

Na dubi hannunsa a kan tsinken. Na dubi ciyawar tana kwantawa tana tashi. Na san in na kai ƙararsa, ba zai sake kirana ɗansa ba.

Na ciro waya na danna lambar shugabanmu na 'yan kwana-kwana. Merv ya juyo, yana kallona.

"Lachlan ne," na ce. "Akwai wuta a fili. Gidan surukina."