Rabin Shafi a Fayil ɗin Baba

Kwana biyu da kwantar da Baba a asibiti, Auta ta iso da kwandon abinci. Wata uku ke nan ba sa magana, tun ranar da ta ajiye aikin koyarwa ta buɗe shagon ɗinki, shi kuma ya ce ta zubar da karatunta a banza.

Babu kowa a teburin ma'aikatan jinya. Fayil ɗin Baba yana buɗe, an ɗora faranti da kofin shayi a kai, sun rufe yawancin shafin. Jimla ɗaya kawai ta fito fili, da jan biro: "Ya ce kada a bar ƙaramar 'yarsa ta shigo."

Auta ta dire kwandon a ƙasa. Ta zauna a kan benci, kukan ma ya ƙi zuwa.

Can sai ga Sista, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai tabarau rataye a wuya.

"'Yata, wa kike jira?"

"Ba kowa. Ga abincin mai ɗaki na huɗu. Ni ce wadda ya ce kar a bari ta shiga."

Sista ta dubi fayil ɗin, ta dubi cikin Auta da ya fara turo riga. Ta ɗauke farantin da kofin.

"Ke da karatun rabi-rabi! Ni na rubuta. Faro daga sama."

Auta ta karanta a hankali. Likita yana zargin tarin Baba mai yaɗuwa ne, ana jiran sakamakon gwaji. Baba ya tambaya ko akwai haɗari ga mai juna biyu, aka ce masa akwai. Daga nan sai jimlar jan biron. A ƙarƙashinta kuma: "Ya ce taurin kai gare ta, a lallashe ta."

"Wa ya gaya masa ina da ciki?"

"Yayarki. Duk zuwan da ta yi sai ya tsare ta da tambaya, ko kina cin abinci, ko ƙafarki na kumbura. Har mun gaji."

Sai a lokacin hawayen suka zubo. Sista ta bari ta gama, sannan ta zagaya da ita bayan ginin, wajen tagar ɗakin.

Baba na ganinta ya gyara takunkumin fuskarsa, ya ɗaga murya ta cikin gilashi.

"Ba na ce kar ki zo ba?"

"Cewa ka yi kar na shigo, Baba. Ai a waje nake."

Ya harare ta, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya sa aka kawo mata kujera, wai tsayuwa ba ta dace da ita ba. Ta zauna a inuwar bango yana ta yi mata ƙorafin taurin filon asibiti, har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya.